Karen Nuni da Karen Farauta: Gargaɗi ga Ƙasar Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta fita daga birnin Kano ta Ƙofar Kabuga, ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo har ta dangana da Gwarzo, ya san cewa da zarar an kawar da amfanin gona, hunturu ya fara busawa, to, da wuya mako ya wuce bai gamu da ayarin mafarauta ba. Wasu a ƙasa, wasu cike da bayan a-kori-kura, ga gora ga adda ga ƙaho, mai gangi yana tsuma su, karnuka kuwa suna ta zillo a ƙarshen igiya. Matafiyi yakan dubi mutanen ne da gurayen da suka sha, ba kasafai yakan tsaya ya dubi karen ba. Alhali kuwa da zai duba da kyau, da ya ga dabbar da zaman ƙasar nan da zaɓen mafarauta suka daɗe suna gyarawa: dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ɗamammen ciki, gajeren gashi wanda ƙarangiya ba ta cika kama shi ba, da dogon baki mai wadatar hanyar numfashi. Wannan kare yana iya yini yana gudu a ranar bazara, ya sha ruwan kududdufi, ya kwana a kan toka, gari ya waye ya koma dawa. Ba shi da takardar asali, kuma ba shi da suna a littafin kowa, in ban da a ce masa “karen Hausa”, sau da yawa ma da sigar raini.

A cikin birni kuwa labari ya sha bamban. Tun da tsoron ɓarayi ya sa masu hali suka ɗaga katanga suka ɗora mata waya, sai cinikin karnukan waje ya buɗe. Ana kawo Alseshan, wanda jama'a suka fi sani da karen 'yan sanda, da Rotwaila, da Burbul na Afirka ta Kudu, har da wani jibgegen kare mai gashi buzu-buzu daga duwatsun Kokeshiya, wanda jikinsa na ƙasar ƙanƙara ne, amma aka ɗaure shi a garin da zafinsa yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Mai sayarwa yakan fito da takarda ya nuna sunan uban ɗan kwikwiyo da na kakansa, nan take kuɗi ya ninka. A Legas ma har taron nunin karnuka ake yi, a caɓa musu ado a zaɓi zakara. Abin da ya shiga Legas yau, gobe yana Kano, jibi yana Getso da Garo. Tuni ma ruwa-biyun waɗannan karnuka suka fara leƙa ƙauye, domin saurayin mafarauci da ya ga ƙaton kai ya ji ƙatuwar murya, sai ya ɗauka ya sami abin kece raini a dawa. Saboda haka ya kamata tun yanzu a tsaya a tambaya: wannan al'ada ta nunin karnuka da takardar asali, me ta jawo wa waɗanda suka ƙago ta?

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a tsakanin mafarauta ta fara. A watan Yuni na 1859 aka yi nunin karnuka na farko irin na zamani a garin Newcastle na Ingila, kuma karnuka 60 ɗin da aka kawo duk na farautar tsuntsaye ne. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club, ta buɗe littafin rajistar asali. A 1891 kuma wani mai tallan abincin karnuka, Charles Cruft, ya fara nunin da har yau yake ɗauke da sunansa, watau Crufts, wanda ake yi kowace shekara a Birmingham, karnuka wajen 20,000 suna shiga. Niyyar farko ba ta da aibu, domin ba ta wuce a san wane ne ya haifi wane ba, a kuma fifita na kirki. Ɓarna ta shigo ne sa'ad da aka ɗauke alƙalanci daga dawa aka mai da shi cikin zaure. Alƙalin zaure ba ya ganin gudun kare, ba ya ganin juriyarsa. Siffa kawai yake gani, yana auna ta da wani rubutaccen bayani na yadda ake son irin ya kasance. In bayanin ya ce ana son gajeren baki, to, wanda ya fi kowa gajeren baki shi ne zakara, 'ya'yansa su ne masu tsada, baɗi kuma sai an kawo wanda ya fi shi. Daɗin daɗawa aka rufe littafin, watau ba a ƙara shigar da kare sai wanda uwarsa da ubansa suna ciki. Daga ranar nan jinin kowane iri ya zama kamar ruwan tafkin da aka toshe masa mashiga.

Bayan shekara ɗari da ɗoriya, sakamako ya bayyana a jikin dabbobin. Buldog na Ingila, wanda a da da bijimai yake karawa, an matse masa fuska har numfashi ya zame masa aiki, an ƙara masa girman kai an rage masa ƙugu, har wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na haihuwarsa sai likita ya tsaga cikin karyar. Wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa da ake kira Kabaliya, an ƙanƙanta masa ƙoƙon kai har ƙwaƙwalwa ta rasa wurin zama, ga kuma ciwon zuciya da yake bin zuriyarsa. Shi kansa Alseshan, wanda Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyarsa a Jamus a 1899 domin kiwon tumaki da aiki, masu nuni sun yi ta son bayansa ya gangaro har wasunsu suka koma tafiya kamar masu jan gindi. A Crufts na 2016 an ba wata karya irin wannan lambar yabo, mutanen Ingila suka yi ca a kan alƙalan.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne, kuma Bahaushen yau ya riga ya san shi ta wata hanya. Ba don a haɗa ɗan Adam da kare ba, amma dokar gado ɗaya ce. Kowa ya ji bayanin amosanin jini, watau sikila: mutum yana iya ɗauke da ƙwayar cutar guda ɗaya yana lafiya lau, sai ya haɗu da mai ɗauke da irinta, sa'an nan kowane ciki ya zama yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Wannan ne ma ya sa Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024. To, haka kowace dabba take ɗauke da wasu miyagun ƙwayoyin gado a ɓoye, waɗanda ba sa fitowa sai biyu iri ɗaya sun gamu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A cikin bare da wuya su gamu. Amma in aka haɗa kare da 'yarsa, ko wa da ƙanwa, don a “tsare jini”, to, an yi musu jagora ne har inda za su gamu. Haka kuma in zakara ɗaya ya zama uban rabin 'yan kwikwiyon shekara, bayan zuriya uku ko huɗu duk an zama dangi, ko da takarda ta nuna sunaye dabam-dabam.

Turawa ba su farga da wuri ba. Sai a watan Agusta na 2008, da BBC ta nuna wani shiri mai suna Pedigree Dogs Exposed, sa'an nan jama'a suka ga abin da likitocin dabbobi suka daɗe suna faɗa. BBC ta daina nuna Crufts daga 2009, Kennel Club kuma ta sake duba bayanan siffa, ta hana rajistar 'yan kwikwiyon da aka samu tsakanin uwa da ɗa, ko uba da 'ya, ko 'yan ciki ɗaya. A ƙasar Norway magana har gaban kotun ƙoli, wadda a 2023 ta tabbatar da haramcin ci gaba da haɗa Kabaliya da Kabaliya, saboda hakan ya saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi. Dole a yaba wa masu kiwon da suka karɓi gyara, waɗanda yanzu ba sa haɗa kare da karya sai an ɗauki hoton ƙugu, an duba ido da zuciya, an gwada jini. Sai dai duk wannan magani ne mai tsada na cutar da aka saya da kuɗi.

Inda zancen ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne inda suka je neman mafita. Akwai wani kare na dazuzzukan Kwango da ake kira Basenji, wanda aka kai Turai da Amurka 'yan ƙalilan aka rufe littafi a kansu. Da ciwon ƙoda na gado ya addabi zuriyar, sai masu kiwonsa suka tattara suka koma ƙauyukan Kwango a 1987 da 1988 suna neman karnukan da ba su da takarda, a 1990 kuma ƙungiyar karnuka ta Amurka ta buɗe littafinta ta shigar da 14 daga cikinsu. Ga kuma maƙwabci na kusa, karen Buzaye na kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, wanda duk Bahaushen da ya yi fatauci zuwa Tawa ya san siffarsa. A shekarun 1970 aka fara kai shi Yugoslabiya da Faransa, a farkon shekarun 1980 ƙungiyar karnuka ta duniya ta karɓe shi a matsayin iri mai zaman kansa, Amurka kuma ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Amma a Faransa aka rubuta bayanin siffarsa, aka kuma taƙaita launin da za a yarda da shi, har ya zama akwai karnuka a rugar Buzu, uwa da uba da kakanni duk 'yan Azawak, waɗanda alƙalin Turai zai ce ba su cika ba. Su ma masu kiwon Azawak a Turai sun sha dawowa Sahel neman sabon jini. Abin nufi, dukiyar da masu takarda suka rasa suke biyan kuɗin jirgi suna nema, ita ce take kwance a gindin rumbu a Kutama da Lakwaya da Durun, ana ce mata karen Hausa. Masana kimiyya ma sun shaida: a 2018 an buga wani bincike a kan ƙwayoyin gadon karnukan gargajiya na Nijeriya, wanda ya sami alamun cewa jikinsu ya saba da yaƙi da ƙwayoyin cutar ƙasashe masu zafi.

Amma fa kada wannan ya sa a ɗauka mafarauci ba shi da laifi. Gaskiya ne ma'auninsa ya fi na alƙalin zaure, domin shi zomo ne alƙalinsa, kuma zomo ba ya karɓar takarda. Karen da ba ya gudu, ko mai haki, ko mai tsoron ƙaya, ba wanda zai zo roƙon ɗansa. Sai dai lafiyar da ake gani a jikin karen Hausa, rabinta ba kulawar mai shi ba ce, mutuwa ce ta tace: karya ta haifi bakwai, tsutsar ciki da zawon jini su kwashe biyar, biyun da suka rage a ce iri ne mai ƙarfi. Ana yanke wa ɗan kwikwiyo kunne da reza ba tare da wani amfani da aka tabbatar ba. Ana barin kare da yunwa wai don ya yi zafin nama. Ana ɗura masa dauri iri-iri, amma ba a taɓa kai shi an yi masa allura ba. Kaska ta cika masa kunne, ƙazuwa ta cinye masa gashi, sai a shafa masa baƙin mai. In ya tsufa ko ya karye, ladan shekarun da ya yi yana cika tukunya shi ne a miƙa shi ga masu saye su loda a mota zuwa kasuwar Dawaki ta Kanke a Jihar Filato. Har ila yau cutar zakara ɗaya ba ta Turawa kaɗai ba ce: da zarar Durwa na wane ya yi suna a gari, kowa da shi yake so a haɗa karyarsa, har 'ya'yansa da jikokinsa, ba mai riƙe da lissafi.

Mafi muni duka shi ne ciwon haukan kare. Cututtukan karen nuni shi kaɗai suke kashewa, wannan kuwa yaron gida yake ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan kowane ɗaya daga cizon kare ne. Da zarar alamunsa sun bayyana, ba magani. Karen farauta kuwa ya fi kowane kare shiga haɗari, domin shi ne mai cuɗanya da dila da yanyawa da karnukan garuruwan da ba a sani ba. Ga shi kuma dawa ta yi nisa. Gonaki sun cinye jejin da ke tsakanin ƙauyuka, noman rani a bakin madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga ya hana fadama hutawa, saboda haka mafaraucin yau sai ya hau mota. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, Allah ya jiƙansu, suna kan hanyar dawowa Kano ne daga Fatakwal. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nisan da farauta take kai mutum da karensa yanzu. Karen da ya yi irin wannan tafiya, tsakar gida zai dawo ya kwanta inda yara suke wasa. In ya ciji yaro, har yanzu akwai masu ƙona gashinsa su shafa a miki, maimakon a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15 a garzaya asibiti. Abin takaici, rigakafin a ƙasar nan ake yin sa, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, kuma masana sun tabbatar cewa in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wani yanki allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa.

Wani zai ce, ina ruwan Musulmi da wannan dogon zance a kan kare? Amsar tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Gwarzo da Kabo. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo, hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, kuma a mazhabar Malikiyya ba a ɗauki rayayyen kare najasa ba. Mai Risala ya kawo saɓanin malamai a kan sayar da karen da aka yi izinin ajiyewa, ya kuma ɗora wa wanda ya kashe shi biyan ƙimarsa. Dabbar da shari'a ta yanka wa ƙima, ba za a ce ciyar da ita da yi mata magani ɓata lokaci ne ba.

Abin mamaki ne yadda ƙasar da ta san darajar irin dabba ta yi sakaci da wannan ɗaya. Ba makiyayin da zai kasa bambanta Bunaji da Rahaji, ko Balami da Uda da 'Yankasa. A Maraɗi akwai cibiya sukutum ta jar akuya, a Shika kusa da Zariya akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi. Kare ne kaɗai aka bar wa sa'a. Idan kuwa za a gyara, kuma tun da gasa tana cikin jinin mafarauci, babu laifi a yi nuni, muddin an juya shi ya fuskanci inda ya kamata. A da ana nunin amfanin gona, mai ƙaton dawa da mai ƙosasshen sa su karɓi kyauta a gaban hakimi. Ana iya farfaɗo da irinsa a kowace ƙaramar hukuma, Sarkin Baka da likitan dabbobi su zauna a tabarma ɗaya. Kuɗin shiga shi ne katin allura. Wanda ba shi da shi a yi masa nan take. Alƙalai su dubi ido da haƙori da fata da tafin ƙafa, a sa kare ya yi gudu mai nisa a ga yadda numfashinsa yake komawa. Kada a ba launi ko girma ko maki ɗaya. Babbar kyauta ta tafi ga tsohon karen da ya haura shekara bakwai yana aiki, da karyar da 'ya'yanta suka rayu, domin waɗannan biyu su ne shaidar lafiyar jini da kuma kulawar mai shi. A ajiye littafi, da boko ko da ajami, a rubuta wane ya haifi wane, amma amfaninsa shi ne a hana haɗa dangi na kusa, kuma ƙofarsa ta zauna a buɗe: kare daga Malumfashi ko Damagaram, in ya ci jarrabawar gudu da ta likita, ya shiga.

Akwai mai cewa da haka muka fara, in ji kuturu da ya ga mai ƙyasfi, domin su ma na Newcastle mafarauta ne masu kyakkyawar niyya. Wannan tsoro yana da hujja, kuma ba a kawar da shi da baki. Ranar da kyauta ta fi naman dawa tsoka, ranar za a fara kiwon kare domin alƙali. Ga kuma halin 'yan farauta na saurin zare makami a kan wane ne karensa ya fara kamawa. Saboda haka kyautar ta zama ƙarama, buhun dusa ko maganin tsutsa na shekara, kada kuma a saki dabba mai rai a fili ko a bari karnuka su kara. Duk da haka, zama ba a yi kome ba shi ma yana da farashi, tun da ruwa-biyun birni ba sa jiran izinin kowa, kuma jinin da ya gauraye ba ya tacuwa.

Ɗaliban Hausa ma suna da nasu rabo a nan. A bakin tsofaffin mafarauta akwai sunayen launi da na siffa da na halin kare, da kirarinsa, da alamun da ake dubawa a zaɓi ɗan kwikwiyo tun idonsa bai buɗe ba. Wasu suna cikin ƙamusun Bargery na 1934, amma ƙamus ba ya faɗin wace alama ce ta tabbata a dawa wace ce camfi. Ɗalibin da yake neman abin rubuta kundin digiri, ya je Mainika ko Gude da littafi da biro kafin masu wannan sani su ƙare, sa'an nan ya kai abin da ya samo wa takwaransa na tsangayar likitan dabbobi su tankaɗe tare.

Maganar lokaci kuwa, ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, amma a ƙasar Gwarzo ta faɗo tsakiyar aikin gona, ba mai saurarar kowa. Ya fi dacewa a sa taron a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan aiki ya fara sauƙi, kafin a busa ƙahon fita na farko, domin allurar tana bukatar kamar mako uku zuwa huɗu kafin ta kama jiki. Ɗan kwikwiyo daga wata uku ake fara yi masa, a riƙa maimaitawa duk shekara. Ruwan allurar kuma ba ya jure zafi, saboda haka dole ƙaramar hukuma ta tanadi akwatin ƙanƙara da babur ɗin da zai kai shi ƙauye da sassafe.